Yadda Ake Tattara Tarihin Ƙaramar Sakandaren Gwamnati a Ƙauye

Duk lokacin da tsofaffin ɗaliban wata sakandaren ƙauye suka shirya taron cika shekara arba'in da kafuwarta, akan ɗora wa mutum ɗaya nauyin karanta tarihin makarantar, kuma abin da yakan karanta ba ya wuce shekarar da aka buɗe ta da jerin sunayen shugabannin da suka riƙe ta, daga nan sai a tafa a wuce zuwa jawabin babban baƙo. Manyan makarantu irin su Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda ta samo asali daga Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920, ba su da wannan matsala, domin ɗalibansu sun mulki ƙasa kuma masana sun bi sawunsu. Ƙaramar makarantar jeka-ka-dawo mai azuzuwa shida a bayan gari kuwa, tarihinta ya rabu ne tsakanin sito mai yoyo da zukatan tsofaffin da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa yi wa makarantar da na yi karatu a cikinta wannan aiki, na tafka kurakurai ba kaɗan ba, kuma abin da ke tafe shi ne tsarin da zan bi da a ce yau zan sake farawa.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, hanyoyi suka bushe, makaranta kuma tana buɗe. Wanda ya tafi da damina zai tarar da mutanen da yake nema sun fita gona tun da sassafe, idan kuma sun dawo ba su da ƙarfin dogon zance. A fara da shugaban makaranta, a kai masa takardar neman izini a rubuce ko da kuwa aboki ne, domin takardun makaranta dukiyar gwamnati ce, kuma wani shugaban ba zai buɗe su ba sai ya ga amincewar ofishin ilimi na shiyya. Daga nan sai ƙofar dagaci ko hakimi, a faɗi a yi gaisuwa, a ce, "Ranka ya daɗe, tarihin makarantar garin nan muke son rubutawa, kuma ba za mu fara ba sai da albarkarku." Wannan ziyara ita ce ke buɗe bakin dattawa daga baya, saboda a ƙauye labarin baƙo mai yawan tambaya yakan riga shi isa kowane zaure. Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu mai kaurin bango, biro, waya mai kyamara da abin cajinta na tafi-da-gidanka, burushi mai laushi, takunkumin rufe hanci saboda ƙura da kashin jemage, da goro na gaisuwa.

Takardun da ke cikin makaranta

Takarda mafi daraja a kowace makaranta ita ce rajistar ɗaukar ɗalibai, wadda ta bambanta da rajistar kiran suna ta kullum. A cikinta ne ake ba kowane ɗalibi lamba tun daga na ɗaya, a rubuta sunansa da na mahaifinsa, da firamaren da ya fito, da ranar shigarsa, da ranar fitarsa, da dalilin fitar. Shafinta na farko shi ne takardar haihuwar makarantar. Ni na tarar da tamu a ƙarƙashin tulin karyayyun kujeru, gara ta cinye gefenta na ƙasa ta tafi da sunayen da ke ƙarshen kowane shafi, danshi kuma ya manne wasu shafukan da juna. Garaje ya sa na ja biyu daga cikinsu da ƙarfi, rubutun wannan ya bi jikin wancan, kuma har yau akwai ɗaliban ajin farko da ban iya karanta sunayensu ba. Saboda haka, shafin da ya manne a bar shi ya sha iska a inuwa, a bi shi a hankali da bakin siririyar takarda mai kauri, idan ya ƙi a ƙyale shi. Kada a liƙa salatif a tsohuwar takarda, kada kuma a kai ta a rufe da leda mai zafi, domin dukansu biyu ɓarna suke yi da sunan gyara. A ɗauki hoton kowane shafi da hasken rana a inuwar baranda, har da bango da shafukan da babu komai a cikinsu, sa'an nan a mayar da littafin hannun wanda ya bayar da shi a ranar.

Bayan rajista sai littafin da malamai ke kira log buk, inda shugaba ke rubuta muhimman abubuwan da suka faru da hannunsa: zuwan sabon malami, ziyarar sufeto, iskar da ta yaye rufin aji, ranar da aka rufe makaranta saboda annoba ko yajin aiki. Darajarsa ta danganta da halin mai rubutun, domin wani shugaban yakan cika shafi a mako guda, wani kuma ya shekara uku bai rubuta layi goma ba. Littafin baƙi yana da amfanin da ba a cika lura da shi ba, tunda duk jami'in da ya zo yakan sa hannu da kwanan wata, ya kuma rubuta abin da ya gani. Sauran su ne littafin sa hannun malamai, da bayanan zaman ƙungiyar iyaye da malamai, da takardun miƙa aiki tsakanin shugaba mai tafiya da mai zuwa, waɗanda sukan lissafa azuzuwa da kujeru da littattafai dalla-dalla. Littafin horo ma a duba shi, yana nuna irin laifin da kowane zamani ya ɗauka babba, amma sunayen da ke ciki ba na bugawa ba ne; yaron da aka yi wa bulala shida saboda satar mangwaro wataƙila yau shi ne limamin unguwa.

Wace shekara aka kafa ta?

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne mafi yawan masu rubutu ke zamewa, domin sukan kwafi shekarar da ke jikin allon ƙofar makaranta su wuce. Sau da yawa ƙaramar sakandare tana da ranar haihuwa uku ko huɗu. Akwai ranar da gwamnati ta amince da kafa ta, akwai ranar da ɗaliban farko suka zauna a aji, wanda galibi aron azuzuwa ne a firamaren gari ko ma a sakandaren wani gari dabam, akwai ranar da ta koma matsuguninta na dindindin, akwai kuma ranar da wani kwamishina ya zo ya yanke ƙyalle, wadda kan iya zuwa bayan shekaru. Idan makarantar ta fara ne a matsayin ta al'umma, wato mutanen gari suka yi aikin gayya suka gina ta kafin gwamnati ta karɓa, to, an sami ta biyar. A rubuta dukansu, kowace da hujjarta. A ganina ranar da aka fara darasi ita ta fi cancanta a kira ranar kafuwa, amma duk wadda marubuci ya zaɓa, ya bayyana dalilinsa a fili.

Sanin abin da ke gudana a ƙasa a lokacin yana taimakawa wajen gane ko shekarar da aka ambata za ta yiwu. A watan Satumban 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, yara suka cika firamare a garuruwan da a da ba su da ko aji ɗaya. Waɗannan yara sun kammala aji shida a 1982, kuma tsofaffin makarantun kwana ba za su iya ɗaukarsu ba, shi ya sa ɗimbin sakandaren jeka-ka-dawo na karkarar Arewa suka samo asali a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, zamanin gwamnonin farar hula na Jamhuriya ta Biyu. A 1982 ɗin ne kuma aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4, wanda ya maye gurbin fom ɗaya zuwa fom biyar da ƙaramar sakandare ta shekara uku da babba ta shekara uku, ko da yake jihohi ba su shiga tsarin lokaci guda ba. Saboda haka tsohon ɗalibin da ya ce ya gama fom biyar ya riga ya ba da iyakar zamaninsa ko bai tuna shekara ba. Haka nan shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ya sa a wurare da yawa aka raba makaranta ɗaya gida biyu, ƙarama da babba, kowace da shugabanta a harabar guda. Wanda bai san wannan ba zai ga sunayen shugabanni biyu a shekara ɗaya ya zaci kuskure ne. Kowane irin sauyi yakan zo da sabon suna, don haka a tattara duk sunayen da makarantar ta taɓa amsawa daga hatimi da kan takardun wasiƙa da tsofaffin takardun shaidar kammalawa, domin da tsohon suna ne za a nemi tsohon fayil.

A lura kuma cewa an taɓa sauya farkon shekarar karatu a Najeriya tsakanin Janairu da Satumba, saboda haka kada a ɗauka kowane aji a Satumba ya shiga. Abin da rajista ta nuna shi za a bi.

Inda fayil ya tafi

Kuskurena na biyu shi ne ɓata makonni ina neman takardar amincewa a ma'aikatar ilimi ta jiharmu, alhali lokacin da aka kafa makarantar jihar ma ba a ƙirƙiro ta ba. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, an cire Jigawa daga Kano, Kebbi daga Sakkwato, Yobe daga Borno a 1991, sa'an nan Zamfara ta fita daga Sakkwato, Gombe daga Bauchi a 1996. Makarantar da aka buɗe a ƙasar Gumel ko Haɗeja a 1980 gwamnatin Kano ce ta buɗe ta, ta ƙasar Funtuwa ko Daura gwamnatin Kaduna ce, ta ƙasar Talatar Mafara kuma gwamnatin Sakkwato ce. An raba fayiloli lokacin rabon kadarori, amma ba duka ne suka isa sabon gida ba, don haka a tambaya a wuraren biyu. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ta fi amfani ga abin da ya shafi zamanin Turawa da na Jihar Arewa, wato za ta iya ba da labarin elemantaren da ta riga sakandaren zuwa garin. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumomin tarihi da al'adu na jihohi irin na Kano da na Waziri Junaidu a Sakkwato, wurare ne da ya kamata a leƙa a nemi tsofaffin jaridu, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, waɗanda a zamaninsu sukan buga jawabin kasafin kuɗi da sanarwar buɗe sababbin makarantu. Takardun sakamakon jarrabawa kuwa suna nuna shekarar da makarantar ta sami lambar cibiyarta daga WAEC, tunda kafin nan akan kai ɗalibai wata makaranta su rubuta. NECO ta fara tata jarrabawar kammala sakandare a 2000, don haka ba za a sami takardarta kafin nan ba.

Hira da mutane

Da zarar an sami sunayen ajin farko daga rajista, a ajiye sauran takardu a koma ga mutane, a kuma fara da wanda ya fi tsufa, domin takarda tana iya jiran baɗi. Kuma kada a fara da manya masu muƙami. Shugabanni da malamai ana yi musu canjin wurin aiki bayan 'yan shekaru, amma maigadi da masinja da mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa 'yan gari ne, sun ga zuwan kowa da tafiyarsa. Tsohon maigadin makarantarmu, da na zauna da shi a kan tabarma a ƙofar gidansa bayan la'asar, bai iya ba ni shekara ko ɗaya ba, amma ya jero mini shugabanni bakwai a jere ba tare da ya sarƙe ba, kowanne da irin abin hawansa da abin da ke sa shi fushi. Da na ce, "Baba, wane ne ya shuka darbejiyar da ke gaban ofis?" sai ya yi dariya ya ce ai 'yan makara ne, kowane wanda ya makara sai ya ɗebo ruwa bokiti biyu daga rijiyar gari ya ba itacensa. Wannan bayani babu shi a kowane littafi na makarantar.

Tambayar "a wace shekara" ba ta cika haifar da amsa mai kyau ba wurin dattijo. A tambaye shi abin da ke faruwa a lokacin, sa'an nan a ɗaura amsar a jikin abin da aka san ranarsa: komawa tuƙi a hannun dama a 1972, shigowar naira da kwabo a Janairun 1973, babban farin da aka yi a wannan shekara, kisan Janar Murtala Muhammad a ranar 13 ga Fabrairun 1976, canjin launin kuɗi na 1984, ko kusufin rana na 29 ga Maris 2006. Watan azumi ma ma'auni ne mai kyau, tunda yana matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 1980 ya kama daga tsakiyar Yuli zuwa cikin Agusta, don haka wanda ya ce an yi aikin ginin azuzuwan farko da azumi cikin ruwan sama ya ba da alama mai ƙarfi. Labarin malamai ma yana da nasa kwanan wata. An kafa shirin bautar ƙasa a 1973, makarantun Arewa sun yi amfani da malamai daga Indiya da Pakistan da Ghana a shekarun 1970 da farkon 1980, kuma umarnin korar baƙin da ba su da takardun zama da gwamnatin Shehu Shagari ta bayar a Janairun 1983 ya yi awon gaba da 'yan Ghana masu yawa. Idan log buk ya nuna makaranta ta wayi gari babu malamin lissafi ko na Turanci a wannan zango, to, akwai inda za a nemi dalili.

A nemi izini kafin a kunna abin naɗar murya, a faɗi suna da wuri da kwanan wata a farkon naɗin, a kuma yi hira da mutum shi kaɗai kafin a haɗa shi da tsaransa, domin a taro mai babbar murya ne ke rinjaye ko da shi ne ya fi mantuwa. Matan da suka fara shiga makarantar a je musu gida da izinin mazajensu, kuma zai fi kyau mace ce za ta yi hirar. Rukunin ƙarshe na rajista, inda ake rubuta dalilin fita, shi zai nuna wa mai bincike tambayar da zai yi musu, domin a can ne zai ga yawan waɗanda aure ya ɗauke kafin su kai aji uku, da kuma shekarar da abin ya fara sauyawa.

Batun fili yana buƙatar taka-tsantsan. Kusan kowace makarantar ƙauye a kan gonar wani aka gina ta, kuma a kusan kowane gari akwai gida biyu da ke cewa kakansu ne ya bayar. A saurari kowa, a nemi takardar awo ko ta diyya idan akwai, amma kada marubuci ya mai da kansa alƙali.

Ginin kansa a zaga shi da littafi a hannu. Rubutun da ke jikin bango yana faɗin zamaninsa: PTF, wato asusun rarar kuɗin man fetur, na nufin tsakanin 1994 da 1999, ETF, wato asusun tallafa wa ilimi, na nufin kafin 2011 lokacin da asusun ya koma kula da manyan makarantu kaɗai. Idan an ci karo da manyan akwatunan injunan koyon sana'a da aka shigo da su daga waje a shekarun 1980 domin ƙananan sakandare, waɗanda a wurare da yawa ba a taɓa kunna su ba saboda babu lantarki, a ɗauki hotonsu da abin da aka rubuta a jikinsu.

Zama a rubuta

Kafin a rubuta jimla ɗaya, a ja dogon jadawali na shekaru daga farko zuwa yau, a sa kowane bayani a gaban shekararsa tare da inda aka samo shi. Wuraren da suka zauna fayau su ne za su nuna wanda ya rage a nema. Inda takarda da baki suka saɓa a kan kwanan wata, takardar da aka rubuta a lokacin ta fi ƙarfi. Inda suka saɓa a kan dalili kuwa, sau da yawa baki ya fi gaskiya, domin shugaban da ke rubuta log buk ya san sufeto zai karanta. Idan ruwaya biyu suka yi kunnen doki, a kawo su duka a faɗi wanda ya ce me.

Ina ba da shawarar kada a raba babi bisa zamanin shugabanni, domin hakan yakan mai da littafin jerin yabo. Ya fi kyau a raba shi bisa abin da ya sauya rayuwar ɗalibi: zaman aro, komawa matsuguni, zuwan ajin mata, samun cibiyar jarrabawa, haƙa rijiyar burtsatse. Shekarun wahala ma su shiga. An rufe makarantu a faɗin Najeriya a Maris 2020 saboda annobar korona, sa'an nan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 ya sa jihohi da dama rufe makarantun karkara ko mayar da ɗalibansu cikin gari, kuma idan abin ya taɓa makarantar da ake rubutu a kanta, yanzu ne ya kamata a rubuta ranakun tun masu tunawa suna nan. Babin fitattun tsofaffin ɗalibai kada ya tsaya ga masu muƙami. Malamin firamare da ungozomar asibitin gari da suka fito daga ajin farko suna da gurbi a ciki. Zargin cin kuɗi ko wani abin kunya da ba a tabbatar ba a bar shi a littafin bincike.

Idan daftari ya kammala, a tara waɗanda aka yi hira da su a harabar makaranta a karanta musu da Hausa, da biro a hannu, domin a nan ne wani zai ce sunan mahaifinsa ba haka yake ba, wani kuma ya tuna abin da bai faɗa ba a zaman farko. Bayan gyara a buga kwafi ko da guda ashirin ne, a ajiye a ofishin shugaban makaranta, da fadar hakimi, da ofishin shiyya, da hukumar tarihi ta jiha. Hotunan rajista da muryoyin da aka naɗa kuma a kwafe su a wuri uku, ɗaya a intanet, biyu a hannun mutane dabam-dabam daga cikin tsofaffin ɗalibai, a rubuta sunan kowane fayil da kwanan watansa yadda wanda bai halarci aikin ba zai gane abin da ke ciki.